Ƙorafi Kan Jakar Da Ke Ɓacewa a Kwamfutar Marigayi Abu Kazim

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Ayyuka,
Ƙungiyar Agajin Masu Ciwon Ido ta Nahrul Khair,
Babban Ofishi, Basra.

Daga:
Fakhriya Mohan Jabur (Umm Sajjad),
Mai rajistar marasa lafiya,
Reshen Abul Khasib.

Lahadi, 19 ga Yuni, 2022.

Game da: Ɓacewar jakar hotunan marasa lafiya daga kwamfutocin reshenmu, da roƙon a gyara kafin Alhamis, 23 ga wannan wata.

Ranka ya daɗe,

Bayan sallama da fatan alheri, ina neman afuwa da na tsallake shugaban reshenmu, Ustaz Nizar, na rubuto maka kai tsaye. Sau biyu na kai masa maganar. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma wannan ce takardar ƙorafi ta farko da na taɓa rubutawa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shara da dafa shayi a reshen nan. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, daga baya aka ba ni teburin rajista. In ka ga kuskure a rubutuna, dalilin ke nan.

1. Kwamfutoci huɗu muke da su, kowace tana ɗauke da sunan mai zama a gabanta. Jakar da ke riƙe da hotunan idon marasa lafiya tana cikin ta Abu Kazim, tsohon magatakardanmu. Na'urar ɗaukar hoton ido can take ajiye duk abin da ta ɗauka, sauran kwamfutocin kuma da sunansa suke kiran jakar. Allah ya yi masa rasuwa ranar Litinin, 9 ga Mayu. Ya tafi da kalmar sirrinsa, don haka ba mai iya shiga kwamfutar daga gabanta. Iyaka a kunna ta, a nemi jakar daga wani teburin.

2. Tun daga makon rasuwar, jakar ta koma yau a same ta, gobe a rasa. Wani lokacin da safe tana nan, kafin azahar ta ɓace, alhali kwamfutar tana kunne, fitilarta na ci, wayoyi duk suna jone.

3. Kamar yadda ka sani, likitocin tiyata sau ɗaya suke zuwa a wata, kuma ba sa karɓar sunan da bai zo da sabon hoto ba, wanda bai wuce kwana uku ba. Ranar Alhamis, 26 ga Mayu, ya kamata mu aika sunaye goma sha bakwai kafin sha biyun rana. Da ƙarfe tara da minti arba'in wutar gwamnati ta ɗauke, muka koma kan janaretan unguwa. An riga an aika goma sha ɗaya. Shidan da suka rage ba a sake ganin hotunansu ba sai ranar Lahadi, bayan an rufe karɓa.

4. Cikin shidan nan akwai Hajiya Sabriya, Umm Falah, mai sayar da biredin tanda a bayan kasuwar kifi. Hawan jinin ido ya riga ya cinye mata na hagu. Na dama ne ake ƙoƙarin cetowa, kuma likita ya rubuta a katinta cewa abin da ya tafi ba ya dawowa. A safiyar ranar ta tambaye ni ko ta jira. Ni da bakina na ce mata, "Je ki gida, Hajiya, sunanki yana ciki." Ta sumbaci goshina, ta bar mini biredi biyu a kan tebur. Ranar Litinin, ranar tiyatar, ta yi wanka, ta sa sabuwar abaya, ta hau mota zuwa Basra, aka duba takarda a ƙofa aka ce babu ita.

5. Babban ofishi ya turo mana Injiniya Luay sau uku: 29 ga Mayu, 5 ga Yuni da 12 ga Yuni. Ba na zarginsa da mugunta, reshe tara ne a wuyansa. Amma duk zuwansa abu ɗaya yake yi. Ya kashe komai, ya fara kunna ta Abu Kazim tunda ita ce mai ciwon, sannan sauran. Jakar ta fito. Ya ce, "Ga ta nan, me kuke so kuma?" Ya sha shayi ya tafi. Da wuta ta sake canzawa sai ta ɓace.

6. Ina so in faɗi abin da na gani da kaina, in kuskure ne a gyara mini. A duk shekarun da na yi da Abu Kazim, in wuta ta ɗauke ta dawo, yakan ɗaga hannu ya ce, "Kowa ya tsaya, babba ne ke fara shiga ƙofa." Sai ya kunna tasa, ya shanye rabin ƙaramin kofin shayinsa, sannan ya ce mana bismillah. Mun ɗauka tsufa ne da son girma. Ustaz Nizar har tsokanarsa yake yi: "Hajji, ko a Aljanna sai an jira ka kunna taka?" Shi kuwa sai ya ce, "Kai dai ka samu shiga tukuna." Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili, ban ma sani ba ko shi kansa ya san dalilin, ko dai ya lura ne kawai cewa haka abin yake tafiya daidai.

Da ya rasu muka shimfiɗa baƙin ƙyalle a teburinsa, muka ajiye hotonsa, kamar yadda ake yi. Ba mai son ya zama na farkon taɓa wurin. Kowa sai ya kunna tasa, sai an buƙaci jakar sannan wani ya tashi, ya karanta Fatiha, ya ɗaga ƙyallen ya danna. Wanda shekara da shekaru shi ne farko, sai muka mayar da shi ƙarshe, kuma don girmamawa muka yi.

7. Ranar da Injiniya ya zo na biyu ina tsaye da tire a bayansa yana waya da wani abokin aikinsa. Na ji ya ce ƙaramin akwatin da ke kan kabad shi ke raba wa kowace na'ura lamba, wanda ya riga zuwa ya riga samu, kuma akwatin namu tsoho ne, in wuta ta ɗauke yana mance wa ya ba wa me. Na kuma ga inda yake duba lambar. Daga ranar na fara rubutawa a bayan littafin rajista. Kwana huɗu na rubuta, duk canjin wuta. In na gwada kiran Abu Kazim da suna daga teburina, kullum lambar da ke ƙarewa da biyu kwamfutata take nema, kamar wani ya rubuta mata haka tun da daɗewa. Ranar da na iso da wuri na share teburinsa na kunna ta kafin kowa, biyun take samu, jakar ta buɗe. Ranar da aka riga ta, wata na'urar ta ɗauke biyun. Sau ɗaya ma wayar Ustaz Nizar ce ta ɗauka daga cikin aljihunsa. Ko sau ɗaya lissafin bai saɓa ba.

8. Ranar 12 ga Yuni na miƙa wa Injiniya shafin. Bai karɓa ba. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ke ma kin zama injiniya? To ni in koma dafa shayin?" Waɗanda ke kan benci suka yi dariya, ni ma na yi murmushi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba. Sannan ya tambaya wa ke taɓa teburin Abu Kazim. Aka ce ni. A rahotonsa ya rubuta cewa mai shara ce ke girgiza wayoyi. Shekara shida ke nan rabona da zama mai shara, sai dai teburin Abu Kazim ban yarda wani ya share shi ba.

9. Saboda wannan rahoto, Ustaz Nizar ya ba ni takardar gargaɗi ranar 13 ga Yuni, ya hana ni kusantar teburin. Ya ce, "Umm Sajjad, ki yi haƙuri, ni takarda nake bi. In na bi littafinki na bar na injiniya, me zan ce wa Basra?" Ban ga laifinsa ba. Amma tun ranar, cikin kwanakin aiki biyar, sau biyu kacal jakar ta buɗe.

Jiya aka yi arba'in ɗin Abu Kazim, yau da safe aka naɗe ƙyallen. Na ɗauka zan ji sauƙi, ban ji ba.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe:

Na farko, a turo wanda zai ɗaure wa wannan kwamfuta lambarta a cikin akwatin, yadda ba za ta sake canzawa ba, ko ya gyara abin da aka rubuta wa sauran. Na ji Injiniya da kansa ya ce a waya ana yin haka. Ina roƙon a yi kafin Talata, 21 ga wata, ranar da za a fara ɗaukar sababbin hotuna, don Alhamis ce ranar aika sunayen wannan watan.

Na biyu, in hakan ba zai samu ba, a ba ni izini a rubuce, na kwana uku kawai, Talata zuwa Alhamis. Duk lokacin da wuta ta canza, kowa ya kashe wayarsa ya ɗaga hannu daga teburinsa, in kunna ta Abu Kazim, in jira kamar yadda yake jira, sannan in ce musu bismillah.

Ban roƙi a janye takardar gargaɗin ba. A bar ta a fayil ɗina, ba za ta hana ni barci ba. Na haɗa kwafin shafin da na rubuta, ko za a samu wanda zai duba.

Umm Falah tana zuwa kullum yanzu, ko da ba ranar ganinta ba ce. Ba ta taɓa yi mini maganar abin da na ce mata ba, har yau kuma tana kawo biredin. Takan zauna a bencin da ke kallon ƙofa, ta ce, "'Yata, yau ta buɗe?" Sannan ta juya ta ƙirga itatuwan dabinon da ke tsallaken titi, ba tare da ta motsa kanta ba, kamar yadda likita ya koya mata. Huɗu ne. Ranar da na ce mata ta je gida, huɗun take gani. A farkon watan nan ta ce uku. Yau da safe ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko an sare na gefen.

Ba a sare ko ɗaya ba, ranka ya daɗe. Na shigo na zauna na rubuta wannan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka duba da idon rahama. Ka huta lafiya.

Mai biyayya gare ka,

Fakhriya Mohan Jabur (Umm Sajjad)
Mai rajistar marasa lafiya, Reshen Abul Khasib.