Kwamfutar Salanieta da Na Kyautar

Kadavu, 12 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Isikeli,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, cikin sunan Ubangijin da ke riƙe da mu a nan, yake riƙe da ku a can. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Timaima da yara, kuma sanyin Toowoomba da tsayuwar aikin mayanka ba su tayar maka da ciwon bayan nan ba. Mu nan lafiya lau. Nana, tsohuwarmu, tana fama da gwiwa, amma ba ta fashin coci, kuma har yanzu ita ke gyara wa mawaƙan coci murya daga inda take zaune. Gwaza ya yi kyau bana, yaqona ma, saiwar nan da muke jiƙawa mu sha a taro, ba laifi.

Yaya, saƙon da ka aiko wa matata Ilisapeci ya iso, inda ka ce wata bakwai ke nan da ka aika wa 'yata Salanieta kwamfuta amma ko "na gode" ba ta ce maka ba, har kana tambaya ko a jami'a ake koya wa yara raina manya. Na rubuto ne don ka sauke fushin nan daga kan yarinyar. Ba ta da laifi ko kaɗan, nawa ne. Na zaɓi takarda ne don bakina ba zai iya faɗa maka a waya ba.

Ranar da kwamfutar ta iso, Sala tana can birnin Suva tana aikin hutu a wani kanti. Da yammar nan akwai zaman yaqona bayan taron coci, kuma ka san halin ƙaninka, ba na iya ajiye abin alfahari a gida. Na saɓa jakar kwamfutar na tafi da ita, na buɗe a gaban jama'a na ce su ga abin da yayana ya aiko min daga Ostareliya. "Min" na ce, Yaya, ban ce wa 'yata aka aiko ba. Taubashinmu Peniasi, wanda ba a daɗe da ba shi sakataren coci ba, ya juya ta a hannu ya ce, "Kai da ko rediyo sai matarka ta kamo maka tasha, me za ka yi da wannan? Faifai za ka mai da ita?" Kowa ya kwashe da dariya. Sai ya gyara zama, ya tafa hannu, ya ce kerekere, roƙon nan namu na al'ada, in taimaka masa da ita ya riƙa rubuta takardun coci. Ka fi ni sanin cewa wanda aka yi wa kerekere a gaban akushin yaqona, dattawa na kallo, ba ya cewa a'a. Kalma ɗaya ce za ta fitar da ni, in ce ta Sala ce, amma na riga na cika baki. Na miƙa masa, aka tafa min, kaina ya kumbura.

Da na koma gida Ilisapeci ta tare ni, sai na hau ta da wa'azi. Na ce ɗalibi ba ya bukatar kwamfutar kansa, jami'a ta cika ɗaki guda da su kyauta, kuma malamin makarantar garin nan da biro ya gama nasa karatun. Ta dube ni ta ce, "Sannu farfesa. Aji nawa ka yi a jami'ar?" Na daka mata tsawa, na hana ta gaya wa yarinyar. Bayan kwana biyu ka kira, na ce maka Sala ta karɓa tana murna. Ƙarya na yi maka, kuma na yi ta maimaita wa kaina wa'azin nan har na fara yarda da shi.

A watan jiya na kai yaqona kasuwar Suva, Sala ta same ni a can. Ta gaya min ta faɗi kwas ɗaya, na zanen taswirar gaɓar teku, kuma in ta sake faɗuwa za a cire ta daga tallafin karatu. Yaya, maimakon in sha jinin jikina, faɗa na kama yi mata a gaban mata masu sayar da ƙaguwa. Na ce sakaci ne da yawon birni. Sai ta ce in ban gaji ba in raka ta makaranta. Ta kai ni ɗakin kwamfutocin nan da na yi ta bugun ƙirji da shi ban taɓa gani ba. Akwai su da yawa, gaskiya ne, amma kaɗan ne ke da abin zanen taswira, kuma a kansu yara suke layi har waje, kowa da ɗan lokacin da aka yanka masa. Ita kuma daga Nausori take zuwa, gidan ƙanwarmu Akanisi, kafin bas ya sauke ta 'yan cikin makaranta sun cika takardar suna. Ta nuna min wayarta mai tsagaggen gilashi, shafi bayan shafi da ta rubuta da babban yatsa. Ta ce, "Baba, rubutu dai ina lallaɓawa a nan, amma taswira ba ta shiga waya." Na tsaya a bakin ƙofar nan da warin kasuwa a jikina, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na dawo na yi abin da ban taɓa jin wani ya yi a gidanmu ba. Na ɗaure damin yaqona mafi kyau a gonata, na tafi gidan Peniasi da rana tsaka roƙon abin da na bayar. Na zauna a bakin ƙofa kai a ƙasa, na zayyana masa komai. Ya bar ni na gama, sannan ya nuna min saman kabad. Ga ta can lulluɓe da ƙyalle, an ɗora mata furen roba. Ya ce, "Tun ranar da na kunna ta na ga sunan Sala ɓaro-ɓaro, tana neman kalmar sirri, na san ka tafka ta. In na kawo maka, gari ya san ƙarya ka yi. Jira nake ka zo da ƙafarka, sakarai, ashe sai ka yi wata da watanni." Ya karɓi yaqonar, ya ce ladan ajiya ne. Da zagina ya yi da gaske, da ya fi min sauƙi.

Jirgin ruwan da ya biyo baya na hau na kai mata. A barandar Akanisi na ajiye jakar a gabanta, na gaya mata daga wa take, da tun yaushe, da inda ta yi wata bakwai. Ina jiran kuka ko fushi. Sai ta buɗe, ta kunna, ta buga kalmar sirrin ba tare da ta duba ko'ina ba. Ashe Timaima ta turo mata ita a waya tun watan Janairu, Sala ta tambayi uwarta ina kwamfutar, uwar ta kasa ɓoyewa. Na ce to me ya hana ta magana, ko da ranar da nake mata faɗa a kasuwa? Ta ce, "Baba, in na gode wa Baffa na yi ƙarya, in na ce masa ban gani ba na tona maka asiri. Sai na ga gara ya ce ba ni da tarbiyya."

Wannan ce yarinyar da kake fushi da ita, Yaya. Ta fara maimaita kwas ɗin, ban san ko za ta cim ma abin da ya wuce ta ba, sai addu'a. Ba na roƙon ka aiko da komai. Ka kira ta kawai, don tana son ta gode maka amma tana tsoron muryarka. Faɗan da ka tanadar mata kuma ka ajiye min shi, zan ɗauki waya in saurara har ka gama, ba zan ce uffan ba.

Ka gaishe min da Timaima, ka ce ta yafe wa Sala shirun da ta yi mata. Ka gai da yara, Josaia da Losana. Nana da Ilisapeci da Akanisi suna gaishe ku. Allah ya tsare ku, ya sake haɗa fuskokinmu, ko da yake ban san da wane ido zan dube ka ba.

Ƙaninka,
Sakiusa