Igiyar Gauta ta Ƙarshe

Bandipora, farkon kaka

Zuwa ga 'yata Nigat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Ni dai alhamdulillahi, sai gwiwa.

Kowane gida a unguwa ya rataya kayan shanya, tagogi sun yi ja da barkono da kauɗar tumatir. Namu ne kawai tsirara tun da mahaifiyarki ta rasu. Na ce ba za a bar ni a baya ba, na tsinko gautan lambu na yanka. Hatij maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Gaffar, gauta kake yankawa ko faskare kake yi?" Bakinta ya kama, duk ya ruɓe a kan igiya.

To ga labari. Na hau ɗakin sama neman wata igiyar, sai na ga gautan da mahaifiyarki ta shanya bara. Igiya ɗaya ta rage, an tsaga kowanne huɗu, siri-siri, yankan hannunta. Na daɗe a zaune a wurin. Ki zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya, ki dafa mana da tsamiya yadda take yi. Ni kaɗai ba zan iya cinsa ba.

Babanki,
Gaffar

Bandipora, tsakiyar hunturu

'Yata Nigat,

Ina gaishe ki, ya gajiyar aiki? Saƙonki ya iso, kin ce ba hutu sai bazara. Ban yi fushi ba. To, na yi kaɗan.

Hanya ta rufe. Ina wuni da ɗan kaskon garwashi cikin babbar riga don ɗumi, yadda muka saba, ina shan shayin gishiri, ba mai ce mini ya yi yawa. Shinkafa da ganye kullum, har na daina sa faranti, a tukunya nake ci.

Kada ki damu da gautan. Na ga ɓera a ɗakin sama, sai na sauko da igiyar gautan, na ƙulle a leda biyu, na sa a ƙasan akwatin mahaifiyarki cikin mayafanta. Ko iska ba za ta taɓa shi ba.

Babanki mai kewarki,
Gaffar

Bandipora, ƙanƙara ta fara narkewa

Nigat,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kina lafiya.

Jiya na buɗe akwatin don in duba. Funfuna ta cinye gautan, ya yi kore, ya manne wuri ɗaya. Na kai wa Hatij ko za a ceci wani abu. Ta shinshina ta ce, "Haba Gaffar! Busasshen kaya ai iska da hayaƙi yake so. Wa ya ce ka ƙulle?" Da ta dubi fuskata sai ta shiga ta zubo mini nata. Na gode mata, amma ban karɓa ba.

Na binne shi a bakin lambu, inda mahaifiyarki takan zauna tana yanka.

Da shi nake ta jan ki gida, kin sani, na sani. Yanzu ba ni da abin ajiye miki, gidan ma ba ya ƙamshin komai. Ni kaɗai ne a ciki, Nigat, kuma na gaji. Ki zo haka nan.

Babanki,
Gaffar