Dutsen Baba a Kan Katanga

Zuwa ga Yayana Hedin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'a wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sunneva. Allah ya ƙara mata ƙarfin jiki, ya sauke ta lafiya, ya nuna mana ranar da za mu rungumi abin da take ɗauke da shi. Mu a nan tsibiri kowa lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta gama saƙa wa jaririn rigar sanyi, ta kuma fara wata wai ko tagwaye ne. Baba yana shan magungunansa a kan kari, ni nake ba shi da hannuna, kuma likita ya ce ɗinkin ƙirjinsa ya warke sarai. Da gangan na fara da wannan, domin na san wani zai riga ni kiranka ya ce an kaɗa ƙararrawar coci saboda Baba. Gaskiya ne an kaɗa. Amma yanzu haka ina jin muryarsa daga ɗakin girki yana gardama da mai karanta labaran rediyo. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya nakan rikice in fara labari daga tsakiya, kai kuma ka tsorata a banza.

Ka san kaka ta yi, lokacin koro tumaki daga dutsen Ƙaho ya matso, kuma kowane gida mai rabo a can sai ya ba da mutum ɗaya. Tun da aka yi wa Baba aikin zuciya likita ya hana shi hawan dutse, amma ya dage wai tun zamanin kakanninsa gidanmu bai taɓa kasa tura mutum Ƙaho ba, ba kuma daga kansa za a fara ba. Da ka ce za ka baro Denmark ka zo, na kwana ina lissafi, na ga ranar koron da watan haihuwar Sunneva sun yi kusa da juna ƙwarai, kuma in teku ta yi fushi jirgi na iya daina zuwa ka maƙale a nan. Shi ya sa na ce ni zan je. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce wai yarinyar da in ta hau kujera don ta sauya ƙwan lantarki sai an riƙe mata ƙafa ita ce za ta ƙetare Siririya, 'yar hanyar nan ta gefen dutse? Ban yi musu ba, domin gaskiya ya faɗa. Na gama karatun ilimin duwatsu a jami'a, amma ban taɓa wuce katangar bayan gari na nufi Ƙaho ba. Daga ƙarshe muka yi yarjejeniya a gaban Inna: Kawu Hanus, tun da shi ne shugaban koron, zai kai ni Ƙaho ya gwada ni. In ya ce na iya, Baba zai zauna a gida. In ya ce ban iya ba, Baba zai ɗauki sandarsa ya tafi, kowa ya yi shiru.

Ranar da muka sa, na duba hasashen yanayi a wurare daban-daban, duk suka ce sarari sai can da yamma. Kawu ya ce shi gwiwarsa ta hagu ce hasashensa, kuma ta ce mu yi sauri. Da muka isa katanga ya ɗora dutsensa a kanta kamar yadda aka saba, don in yamma ta yi aka ga dutse a wurin a san mai shi bai dawo ba. Ni da yake ba ni da nawa, tun da safe na je bakin teku na zaɓo wani baƙi mai santsi, ruwa ya goge shi ya zama kamar ƙwai. Kawu ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce wai Malama mai digiri, wannan dafawa za a yi ko ƙyanƙyasa? Sai da na nemi ɗan gurbi a katangar kafin ya zauna. Ka riƙe maganar wannan dutse, za mu dawo kanta.

Hawan farko ba wuya, ciyawa ce mai laushi da tarin duwatsun da ke nuna hanya. Daga nan muka iso Siririya. Kai ka san ta, amma bari in faɗa maka yadda na gan ta: faɗinta bai kai na teburin cin abincinmu ba, bangon dutse a hagu yana ɗigar ruwa, a dama kuwa babu komai sai iska, can ƙasa teku tana dukan duwatsu amma ƙarar ba ta isowa sai bayan ka ga farin kumfa. Tsuntsaye suna shawagi a ƙasa da ƙafafuna, abin da ya fi komai juya mini kai ke nan. Kawu ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya ce in kafa idona a kan facin da ke bayan wandonsa, wai matarsa ta yi shi da jan ƙyalle musamman don matsorata. Ba zan yi maka ƙarya ba, kusan rabin hanyar da rarrafe na yi ta. A tsakiya na tsaya cak, hannuna ya ƙi sakin dutse. Kawu bai ja ni ba, bai kuma lallashe ni ba. Zama ya yi ya tambaye ni wai wane irin dutse ne wannan da na rungume kamar miji. Na fara yi masa bayanin yadda narkakken dutse ya malalo ya daskare hawa-hawa, da jan layin toka da ke tsakani, ina magana ina matsawa, ban farga ba sai na ji ciyawa a ƙarƙashin gwiwata.

Yaya, ban san haka Ƙaho yake ba. Na sha ganinsa a taswira da ta tagar ɗakina, amma daga can ƙarshensa babu wata ƙasa a gabanka, ruwa ne kawai har inda ido ya gaji. Na ga tumakinmu masu yankan kunne irin na gidanmu suna kiwo a gangaren da ban yi zaton ko kyanwa za ta tsaya ba. Na ga wata tsaga a gefen yamma wadda ban so kamanninta ba, na nuna wa Kawu, muka yarda ranar koro ba za a bi da tumaki ta nan ba. Muka zauna a bayan wani dutse muka ci busasshen naman tunkiya da burodin Inna. Na jira ya ce na ci jarrabawa ko na faɗi, sai kawai ya ce wai in goge gumin hannuna kafin in miƙa masa nama, kada gishirin ya sa shi ƙishirwa. Muna cikin haka hazo ya taso daga teku, ya riga lokacin da aka yi hasashe. Muka ƙetaro Siririya kafin ya rufe ta, wannan karon a tsaye, sauran hanyar kuwa daga tarin duwatsu zuwa tarin duwatsu muka lallaɓo, ba ma ganin abin da ya wuce tsawon igiyarmu.

Da muka iso katanga na miƙa hannu zan ɗauki dutsena, sai na ga uku ne a wurin. Na Kawu, nawa, da wani mai faɗi, ja-ja, mai farin zane a tsakiya, an jingina shi da nawa. Dutsen Baba. Ban taɓa ganin fuskar Kawu ta sauya haka ba. Ya ce lallai wannan mai taurin kan ya biyo bayanmu, mun wuce shi a cikin hazo. Na sheƙa gida a guje. Inna ta ce ya fita da sandarsa tun da hantsi, wai zai miƙe ƙafa, wayarsa kuma ga ta nan a kan taga kamar kullum. Aka duba rumfar jiragen ruwa, aka duba rumfar shanya nama, babu shi. Nan aka kaɗa ƙararrawa. Kafin wani lokaci mutanen gari sun taru a katanga da igiyoyi da fitilu, Inna tana tsaye da rigar girki ba ko mayafi, tana cewa in aka same shi da rai ita za ta ƙarasa shi. Ni kuwa ba abin da nake gani sai Baba a kwance a tsakiyar Siririya, hannu a ƙirji. Da Kawu ya ce ana bukatar mara nauyi a gaban igiya, ban san lokacin da na ɗaura ta a ƙuguna ba. Wannan ba jarumta ba ce, wani tsoron ne ya kori wani.

Mun jeru ke nan za mu shiga hazo, sai muka ji wani daga can baya yana haki yana tambaya wai wa ya ɓata, kuma me ya sa ake tsaye ana ɓata lokaci. Muka waiwaya. Baba ne, da tsohuwar igiyarsa a kafaɗa, shatin matashin kai a kumatunsa. Ashe yana gidan yayarsa, Gwaggo Malan, a ƙarshen gari. Ya sha kofi barci ya kwashe shi a kujera, ita kuma ka san kunnenta, ko kusa da ita aka kaɗa ƙararrawa ba ji za ta yi ba. Shi ƙarar ta tashe shi, ya fito neman kansa. Sai Kawu ya ce masa wani tsohon jaki ne ya ɓata, mai jan dutse, ko ya gan shi a hanya? Inna ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya tana zaginsa, duka a lokaci guda.

Abin da ya faru, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, kuma na sake tambayarsa washegari ya maimaita daidai, shi ne ya hau har tudun da ke gefen katanga da madubin hangen nesa, ya kalle ni ina ƙetare Siririya. Ya ce ya ga rarrafen, ya ga tsayawar, ya kuma ga na tashi. Daga nan bai jira hukuncin Kawu ba. Ashe akwai wata tsohuwar al'ada da ni da kai ba mu sani ba, domin Kaka ya rasu tun ba a haife mu ba: in mutum ya gama da Ƙaho, yakan ɗora dutsensa a bisa na magajinsa, kowa ya gani ya san ya miƙa rabonsa. A bisa, ba a gefe ba. Baba ya ce ya yi ta ɗorawa yana zamewa, ya ɗora ya zame, har sau ɗaya ya faɗo masa a yatsan ƙafa, domin wai 'yarsa ta tafi jami'a ta karanta duwatsun duniya kaf, ta rasa wanda za ta zaɓo sai ƙwan agwagwa. Da ya gaji sai ya jingina shi, yana zaton kowane mai hankali zai gane. Kawu ya ce shi dai a iya saninsa dutse a gefe mutum ne a waje, kuma in Baba ya sake irin wannan shi da kansa zai jefa shi a teku. Har yanzu suna wannan gardama, gari ya rabu biyu.

Saboda haka, Yaya, ka mayar da tikitinka, ka zauna kusa da matarka. Ni zan tsaya wa gidanmu ranar koro. Kada ka ɗauka tsoron ya tafi, yana nan, na riga na duba igiyata har Inna ta ce zan cinye ta da ido. Amma Baba ya ba ni sandarsa, ya ce a ranar shi da Gwaggo Malan za su dafa wa masu koro kofi.

Inna tana gaishe ku, ta ce Sunneva ta daina ɗaukar kaya masu nauyi. Kawu Hanus da matarsa suna gaisuwa, haka ma Gwaggo Malan, wadda har yau ba ta yarda an kaɗa wata ƙararrawa ba. Ka gaishe mini da surukanka, da abokinka Eydun. Baba ya ce in gaya maka ƙwan agwagwar yana kan tagarsa, ya ajiye wa jaririnku ya yi wasa da shi. Jan dutsen kuwa yana aljihun rigata.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Rannva