Zagaye Ɗaya da Rabi: Ƙorafi kan Ɓatan Kafireton Injin Yayana

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Jiragen Ruwa
Daga: Mai gyaran injin jirgi, rumfa ta uku daga mashigar ruwa
Kwanan wata: Litinin, 19 ga Yuni, 2023

Game da: Ɓatan kafireto da wasu sassa na injin marigayi yayana, alhali yana ajiye a siton ofishinku

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana. Ban yi makaranta mai zurfi ba, gyaran inji ma da idona da yatsuna na koye shi, don haka a gafarce ni idan rubutun ya kauce wa tsarin ofis.

1. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, da hantsi, injin kwalekwalen yayana ya mutu a kusa da gada, ruwa ya maka jirgin da ginshiƙi. Fasinjoji huɗu sun tsira. Shi kuwa yayana sai ranar Alhamis aka sami gawarsa. Ranar ce ma'aikatanku suka ɗauki injin don bincike, suka ba ni takarda mai hatimi wadda ta ce an karɓe shi cikakke. Tsohon inji ne na mahaifinmu, ya girmi 'ya'yanmu duka, an daɗe da daina ƙera irinsa.

2. Ranar 2 ga Mayu rahotonku ya fito da layi ɗaya: injin ya mutu saboda kuskuren saitin kafireto, wato sashen da ke haɗa wa inji fetur da iska. Bai faɗi kuskuren wane ne ba. Amma kowa a bakin ruwa ya san ni na saita shi ranar 13 ga Maris, kuma matar yayana ta iya karatu. Tun daga ranar, idan na shiga gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. Ƙaramar 'yarta, wadda da take kirana Baba Ƙarami, yanzu bayan ƙofa take laɓewa.

3. Ranar 5 ga Yuni aka maido mini da injin a buhu. Babu kafireto, babu fulogi, babu igiyar tayarwa. Da na yi magana, mai kula da sito ya yi dariya, ya ce wa zai saci kayan da ko ɗan gwangwan sai an roƙe shi, wai in gode Allah an sauƙaƙe mini kaya. Sau uku na koma, sau uku ana ce mini mai makulli ya fita. Fulogi da igiya na yafe.

4. Ranka ya daɗe, a yi haƙuri in bayyana dalilin da ya sa ban yafe kafireton ba. A gefensa akwai ɗan sukuru mai daidaita fetur. Ƙa'idar wannan injin ita ce a ɗaure shi har ya tsaya, sannan a kwance zagaye ɗaya da rabi. Idan ya gaza haka, inji zai ji yunwa ya mutu. Idan ya wuce, zai ƙoshi ya shaƙe da zarar an rage gudu. A ranar 13 ga Maris ina cikin ƙirga aka kira ni daga rumfar maƙwabci, na ajiye sukudireba na je na dawo. Har yau ban san ko na cika rabin nan ba. Shi kuma yayana yana da hali: yakan bari in juya baya ya ƙara rabin zagaye da bakin wuƙarsa, yana cewa na mayar da inji marowaci irina, ko yawu ba ya haɗiya sai da lissafi. Mun sha faɗa a kan haka, muna gamawa mu ci abinci kwano ɗaya.

5. Saboda haka amsar tana jikin sukurun. A ɗaure shi ana ƙirgawa: in aka sami zagaye ɗaya, hannuna ne. In biyu ne, nasa ne. In ɗaya da rabi ne, to rahotonku bai yi daidai ba, tsufa ne ya ci injin. Sau ɗaya tak ake wannan ƙirgen, domin ƙirga shi murɗa shi ne. Na tambayi makaniken ofishinku ko ya ƙirga kafin ya rubuta rahoto, sai ya ce da ido ya duba. Ba na zarginsa da mugunta, amma ido ba ya ganin rabin zagaye.

6. Na daɗe ina juya maganar, ko ya kamata ma in nema. Idan biyu aka samu, na wanke kaina na ɗora wa wanda ba zai iya kare kansa ba, a gaban marayunsa. Idan ɗaya ne, na san abin da zan ɗauka har kabarina. Wani lokaci ina ganin wanda ya ɗauke kafireton ya yi wa ɗayanmu sutura ne, sai dai ban san wanne ba. Duk da haka na yanke shawarar in sani, domin zargi ba shi da gindi, kullum sabo yake wayar gari.

7. Akwai abin da ban san ko ya dace da takardar ofis ba. Injin nan yakan yi tari sau biyu kafin ya kama, kafireton ne ke sa shi, kuma babu mai irin muryarsa a ruwan nan. Sau uku a watan nan, da safe ina buɗe rumfa, na ji tarin daga tsallake. Ina fita babu jirgi, sai ruwa. Ko dai an ɗaura kafireton a jirgin wani, ko kuma kaina ne. Ina roƙon Allah ya zama kaina ne, domin wanda ya ɗaura shi lallai ya murɗa sukurun.

Don haka ina roƙon Mai Girma da ya ba da umarni a binciki siton, a tambayi duk wanda ya riƙe makulli daga 16 ga Maris zuwa 5 ga Yuni. Ba na neman a kori kowa daga aiki. Idan an samo kafireton, don girman Allah kada a wanke shi, kada a gwada shi, kada kowa ya sa masa sukudireba. A kira ni, a kira matar yayana. Ni zan murɗa a gabanku, ita ta ƙirga.

Ina mai ƙanƙan da kai da jiran amsarku. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Ƙanin marigayi, mai gyaran injin jirgi