Farar Shaddarka Ta Juma'a

Zuwa ga Yayana Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan ka iske rahama inda ka je. Daga ɗakinmu na Sonapur, sansanin leburori a nan ƙasar waje, nake rubuto maka, hannuna na dama a kumbure.

Ranar da kamfani ya tura ka tsibirin nan har tsiya na yi maka, na ce Bakano ya koma kifi. Ka ce aikin ba wuya, injin wuta ne ƙarami mai shan baƙin mai, shi ke haska masaukin masu yawon shaƙatawa.

Sai daga baya ka faɗa mini yadda ake share bututun hayaƙinsa. Ba a hura tokar sai iska ta juya wa masaukin baƙi baya. In ta juya kuwa, ɗakunanku take fuskanta.

Da ka zo hutu na ga abin da kake tofarwa, baƙi ƙirin. Na yi maka magana, ka ɗaga gwangwanin madara kana dariya. "Madara na wanke ƙirji," haka kake cewa, yadda masu walda ke faɗa a gida. Kullum Inna ta kira, amsarka lafiya lau. Har yau ina jin haushinka a kan wannan, Yaya.

Bayan mun binne ka a maƙabartar Muhaisnah aka kawo jakarka. Farar shaddarka ta Juma'a na ciki, duk ta yi huji-huji. Abokan aikinka sun ce haka tokar ke cin duk kayan da aka shanya.

Muna zaman makoki shugaban aikinku ya shigo, wai ta'aziyya. Ya ɗaga rigar a gaban mutane, ya zura yatsa a huji ɗaya, ya ce ai ga shaida, wutar sigari ce, ita ta cinye maka huhu. Kai da ko ashana ba ka ajiyewa a aljihu.

Butar shayi ce kusa da ni. Na maka masa ita a fuska, na ji karan hancinsa ya karye. Ya faɗi, na hau ruwan cikinsa, na yi ta naushin bakin da ya faɗi maganar har haƙori ya tsaga mini hannu. Da ƙyar aka ɓamɓare ni. Ban yi nadama ba, kuma ko gaban ƴan sanda haka na faɗa.

An soke bizata, gida za a mai da ni. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke hana ni sakat shi ne maganar sigarin ta riga ni isa Kano, har ta shiga kunnen Inna. Jiya a waya ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko gaskiya ne.

Rigar zan kai mata, Yaya. Jininsa na jiki, ban wanke ba. Zan miƙa mata ta shinshina da kanta. Ita ta goya ka, ta san warinka, za ta gane warin baƙin mai da na taba ba ɗaya ba ne.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari, ya ba ka iska mai tsabta. Su kuma Allah ya juya musu iskar.

Ƙaninka mai kewarka,
Sabi'u