Mijina Ne Ake Turawa Idan Wasa Ya Mutu

Doña Fefa, don Allah ki taimaka mini, kaina ya ɗaure. Na daɗe ina karanta filin nan naki, wasu matsalolin su ba ni dariya, wasu su ba ni tausayi, ban taɓa zaton ni ma zan shigo layi ba. Ba dukana ake yi ba, babu kuma wata mace a waje. Wani abu na gani a tare da mijina wanda ya fi ƙarfina, tun daga ranar na rasa bakin yi masa magana.

Zan kira shi Chebo, ko da yake ba sunansa ba ne. Ɗan wasan besbol ne a ƙungiyar garinmu, mai jifa, wato shi ke jefa ƙwallo abokin hamayya ya yi ƙoƙarin buga ta da sanda. Yana saurayi hannunsa wuta ne, har Amurka aka ɗauke shi, ya yi ta yawo a ƙananan ƙungiyoyi can, ya dawo bai taka babban mataki ba. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, jifarsa ta yi sanyi. Ƙungiya ba ta sallame shi ba, amma ba a sa shi sai ranar da wasa ya riga ya lalace, an yi mana ratar da ba mai kamowa. Dole dai wani ya ci gaba da jifa har a kai zubi na tara, inda wasa ke ƙarewa, shi kuwa koci ba zai ƙona hannun gwanayensa a wasan da ya mutu ba. Sai a ce Chebo ya tashi.

'Yan kallo sun raɗa masa suna Mai Jana'iza. Yana miƙewa daga benci za ki ji an ce, “Ga shi nan, a rufe gawa mu tafi gida.” A kantin unguwarmu, tsofaffin da ke buga domino ba sa barina in sayi mai in wuce sai sun tambaye ni ko yau maigida yana da gawa ko hutu yake. Wani ɗan acaɓa da bai san ni ba ya ɗauko ni daga kasuwa, tun daga can har ƙofar gida yana yi mini bayanin yadda ƙungiya ke ciyar da wani tsoho a banza alhali ga yara masu jini a jika suna jira. Na sauka na yi masa godiya. Da daɗewa na daina zuwa filin wasa, a rediyo ma idan aka ambaci sunansa sai in ƙara wa famfo ƙarfi.

Duk wannan zan iya jurewa. Kafaɗarsa ce ba zan iya ba. Da hannun hagu yake shan kofi da safe, da hagu yake taje kai. 'Yarmu Yokasta ta daina cewa ya ɗaga ta sama, ba wanda ya hana ta, ita ce ta lura da kanta. Likitan ƙungiya allura yake yi masa ya ɗora ƙanƙara, ya ce zai kai ƙarshen kakar wasa. Yayana Radhamés yana da shagon kayan gini a birnin Santiago, yana neman wanda zai riƙe masa wurin, ya ce Chebo yake so don ba ya sata kuma ba ya fushi. Na riga na yanke shawara, kakar wasan bara na ƙarewa zan ce masa ya isa haka.

Sai ga wata Lahadi a ƙarshen kaka. Wasa biyu suka rage mana, dole mu ci ɗaya kafin mu wuce zagaye na gaba. Surukata Doña Tatica ta matsa sai na raka ta, wai ƙafarta ba ta hawa matakala ita kaɗai. Rana ba ta yi sanyi ba aka yi mana ruwan maki, mai jifanmu na farko ko zubi biyu bai gama ba aka cire shi. Aka kira Chebo.

Doña Fefa, abokan hamayya sun dake shi. Suka buga ƙwallo ta tsallake katanga, ta sake tsallakewa, maki sai ƙaruwa yake. Masu iyali suka fara kwashe yara, waɗanda suka rage suka ci gaba da shan giyarsu suna rera masa waƙar makoki. Ni kuwa da na rasa inda zan sa idona sai na sa shi a kansa, abin da na yi shekaru ban yi ba. Duk ƙwallon da aka miƙo masa sai ya murza ta a tafin hannu, ya gyara hula, ya dubi mai cafe masa ƙwallo, ya jefa da dukkan jikinsa, kamar maki ɗaya ne tsakaninmu da su. Bai yi sauri don a gama ba, bai waiwayi allon maki ba. Can wajen zubi na bakwai wani ya buga ƙwallo ta dawo ta same shi a ƙwauri, har inda muke zaune mun ji ƙarar. Ya ɗauka ya jefa, aka fitar da wanda ya bugo ta, sannan ya tsaya a kan ƙafa ɗaya.

Koci Don Plinio ya taso ya nufi tudun jifa, ya ɗaga hannu a kira Dionis, matashin mai jifa da duk garin ke ji da shi. Sai na ga mijina ya ɓoye ƙwallon a bayansa, kamar yaron da za a ƙwace wa alewa. Suka yi 'yar magana, koci ya juya ya koma shi kaɗai. Daga baya mai cafe ƙwallon ya faɗa mini abin da Chebo ya ce: “Don Plinio, yaron nan gobe kake bukatarsa. Ni ba ka bukatata gobe. Je ka zauna.”

Shi ya ƙarasa wasan, yana ɗingishi. Lokacin da ya fitar da mai bugu na ƙarshe, masu shara sun fi 'yan kallo yawa a filin.

Muka sauka lungun da iyalai ke jiran 'yan wasa. Na ɗauka zan tarar da zage-zage da jifa da hula, kamar yadda akan yi bayan irin wannan kashi. Abin da na tarar shi ne masu jifan ƙungiyar gaba ɗaya, sun jeru a jikin bango dama da hagu, huluna a hannu. Ba wanda ya shiga wanka. Har babban tauraronmu da ke wasa a Amurka, wanda hotonsa ke manne a duk wata mararraba, yana tsaye a cikinsu kamar ɗan makaranta. Chebo ya shigo yana jan ƙafa, hannun dama na reto kamar ba nasa ba. Duk wanda ya wuce sai ya dafa masa kafaɗar hagu, ba wanda ya yi kuskuren taɓa ta dama. Da ya zauna ya kasa sunkuyawa, tauraron nan ne ya durƙusa a kan siminti ya kwance masa takalmi. Chebo ya dube su ya ce, “To ku kuma wa ya mutu? Ku ba ni hanya in yi wanka.” Suka yi dariya, wasu suna share ido. Ni tsigar jikina ce ta tashi, irin yadda take yi mini a coci ranar Juma'a Mai Tsarki. Shekaru ina wanke wa mutumin nan kaya, ina yi masa faɗa kan ya bar safa a falo, ashe ban san ko shi wane ne ba.

Washegari muka ci wasa da hannayen da suka huta. Dionis ne ya rufe wasan, hotonsa ne ya fito a jarida. Ba mu ɗauki kofi ba, an fitar da mu a zagaye na gaba.

Yanzu ƙungiya ta kira, tana so ya sake shiga jerin 'yan wasan bana, a kan wannan aikin dai. Radhamés kuma ya ce ba zai jira har abada ba. Na zaunar da Chebo na zayyana masa maganar kafaɗa da ta shago, ya saurara har na gama, sai ya ce, “Idan kika ce in bari, na bari. Ke za ki faɗa.” Ya tashi ya tafi ba kajinsa hatsi.

Da ban je filin nan ba, da tuni na faɗa. Yanzu ta yaya zan ɗauke mutum daga inda ake cire masa hula in kai shi ya riƙa auna yashi? Idan kuma na yi shiru hannun ya mutu gaba ɗaya, da wane ido zan kalli Yokasta? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Wadda Ta Rasa Bakin Magana

*

'Yata,

Shekaru ina zuwa kallon besbol, kuma ina cikin masu kwashe jaka idan rata ta yi yawa. Kin nuna mini abin da ke faruwa bayan mun tafi, na gode miki. Sau biyu na karanta wasiƙarki kafin na iya ɗaukar biro.

Bari in fara da abin da kika gani, don kada wani ya rage miki shi. Mijinki ba alfarma ake yi masa ba. Kakar wasa doguwa ce, ba ƙungiyar da ke cin kowane wasa, kuma ranar da aka sha kashi sai wani ya tsaya ya karɓi dukan har ƙarshe. Idan babu irin su Chebo, gwanaye ne za su karɓa, gobe kuma a nemi hannunsu a rasa. Ɗan acaɓanki allon maki yake kallo, shi ya sa yake ganin tsoho a banza. Mutanen da suka jeru a jikin bango sun san a kafaɗar wa nasarar washegari ta hau. Yara irin su Dionis kuwa sun koyi abin da koci ba zai iya koya musu da baki ba, wato yadda mutum ke yin aikinsa da kyau ranar da ba tafi.

Amma ki rarrabe abu biyu. Abokan wasansa suna girmama shi. Ofishin ƙungiya kuwa amfani yake yi da shi, kuma yana da amfani a wurinsu ne saboda hannunsa ne suka yarda su ƙarar. Ban ce mugaye ba ne, haka sana'ar take. Likitan da ƙungiya ta ɗauka aikinsa ya kai ɗan wasa ƙarshen kaka. Ke kuwa kina bukatar mijin da zai kai tsufa yana iya sa riga da kansa. Don haka kafin kowa ya ce e ko a'a, ku je wurin likitan ƙashi wanda ba ruwansa da ƙungiya, a ɗauki hoton kafaɗar, ku zauna ku biyu ku ji bayani da kunnenku. Idan ya ce wata kakar za ta nakasa shi, magana ta ƙare, kuma ba ke kika ƙarar da ita ba. Idan ya ce da magani da hutu hannun zai ɗauka, to akwai abin tattaunawa.

Sai maganar “ke za ki faɗa”. Da ƙauna ya faɗe ta, amma kada ki karɓa. Mutumin da ya saba ɗaukar nauyin kowa, a nan ya sauke miki nasa. Idan kika ce ya bari, duk ranar da aka buɗe kaka yana shago yana jin rediyo, ke ce za ki zama wadda ta raba shi da filin. Idan kika ce ya ci gaba hannun ya lalace, ke ce dai. Ki mayar masa da kayansa cikin ladabi. Ki ce za ki faɗi tsoronki, zai faɗi abin da ransa ke so, sannan ku yanke tare. Wanda ya iya mayar da Don Plinio benci a gaban jama'a, ya iya faɗin abin da yake so a cikin ɗakinsa.

Kuma ban ga dalilin da zai sa zaɓin ya tsaya tsakanin tudun jifa da tulin yashi ba. Ƙungiyar ce ta kira shi, ba shi ya je roƙo ba, don haka yana da bakin tambaya. Ya tambaye su wa zai ɗauki nauyin jinyar kafaɗar, a rubuce. Ya tambaye su wane gurbi suka tanadar masa cikin masu horar da matasa ranar da ya ajiye ƙwallo. Amsarsu za ta nuna muku ko darajar tasa ta wuce lungun nan. Shi kuma Radhamés a faɗa masa gaskiya, a roƙe shi ya ɗan ƙara haƙuri har a ji ta bakin likita. Aikin shago ba abin kunya ba ne, kuma mai neman wanda ba ya sata ba ya fushi ba zai same shi a kan titi gobe da safe ba.

Akwai abu ɗaya da na lura babu shi a wasiƙarki. Kin faɗa wa Chebo maganar kafaɗa, kin faɗa masa maganar shago, amma ban ga inda kika faɗa masa abin da kika faɗa mini ba. Da shi za ki fara. Ki ce masa kin kalle shi daga jifar farko har ta ƙarshe, kuma ba ki taɓa ganin abin da ya kai wannan girma ba. Wataƙila abin da yake komawa filin yana nema ke nan, kuma namijin da ya ji wannan daga bakin matarsa, ko ya tsaya ko ya tafi, da kansa a sama zai yi.

Allah ya ba kafaɗar lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya raya Yokasta. Ki gaishe mini da Doña Tatica, ki kuma gaishe da maigidan da kyau, ki ce wata tsohuwa a jarida ta miƙe tsaye dominsa.

Doña Fefa