Ni Na Ba Mai Gwangwan Kwallayen Kakata, Inna Tana Zargin Mijina

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke min hukunci ku bari in kai ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni malamar makaranta ce a Yelwa. Bara na kamu da son ɗakunan Japanawa da nake gani a waya: fili fayau, tabarma, ɗan gajeren teburi, zanen kifi ɗaya a bango, shi ke nan. Mijina dariya kawai ya yi, ya ce ɗakina ne. Na fitar da kujeru, na sa kafinta ya yi min teburin, na sauke jerena kakaf. A cikin jeren akwai kwallayen kakata, waɗanda ta ɗauko a ka lokacin da aka tashe su, ruwan dam ya cinye ƙauyensu. Inna ce ta ba ni su da na yi aure. Sun yi tsatsa, suna ɓata min tsari, sai na miƙa wa mai gwangwan. Wai me ya rufe min ido haka?

Da Inna ta zo daga Wara, turus ta yi a bakin ƙofa tana bin bango da kallo. Na ce mata adon Japan ne, ko saurarona ba ta yi ba. A wurinta ɗakin mace ba ya zama wayam sai in aure ya mutu ko talauci ya shigo. Ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyata, kak ki ɓoye min. Shi yas sai da kayanki ko? Har da na tsohuwata?" Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai na yi shiru. Shirun nan ta ɗauka amsa ce.

Tun daga ranar ba ta amsa gaisuwar mijina sai a daƙile. Ya kai mata shinkafa da busasshen kifi, ta sa aka mayar masa. Bawan Allah ya tambaye ni, "Wai mi na yi ma Inna?" Na ce masa rigimar tsufa ce. Na bi masu gwangwan ɗaya bayan ɗaya, aka ce tuni an loda kayan an yi Kudu da su.

Yanzu Inna tana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma mijin nawa ne ke zirga-zirgar neman magani. Shekaranjiya ta riƙe hannuna ta ce, "Na yahe mishi don ke. Amma in ta Allah ta kasance, kada ya sa hannu ga makarata." Na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

In na faɗa mata gaskiya, za ta san 'yar cikinta ce ta zubar da abin da ya rage mata na uwarta, kuma ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. In na yi shiru, za ta tafi da riƙon mutumin da bai ji ba bai gani ba.

Jama'a, lokaci yana ƙure min. Me zan yi?